Ina Hutun da Aka Yi wa Masu Nauyin Kaya Alkawari?

A ƙasarmu ba a amsa gajiya. Ka tarar da mutum ya wuni a gona ko a bakin kasuwa, idanunsa sun faɗa, ka ce masa "Ina gajiya?" ya ce maka "Ba gajiya." Ka tambayi gida ya ce lafiya lau, alhali yaro na kwance babu kuɗin magani. Ladabi ne, ban ce a bari ba. Damuwata ita ce ɗabi'ar ta bi mu har cikin majami'a, inda ya kamata mutum ya iya faɗin gaskiyar halinsa. Ranar Lahadi kowa ya ci ado, an yi waƙa, an taka rawa wajen kai baiko, an sa albarka, sannan kowa ya koma gida da kayansa a ka yadda ya zo da su.

Kayan kuwa ba na wasa ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000 a wurare da yawa, kuɗin mota da na masara da na makaranta duk suka bi bayanta. Akwai iyalan da suka sayar da gona da shanu don biyan kuɗin fansa. Akwai mutanen Gwoza da suka shekara goma ba su kwana a garinsu ba. Ga kuma na cikin ɗaki waɗanda ba a faɗa: auren da ya yi tsami, rashin haihuwa da gorin dangin miji, ɗan da ya faɗa shaye-shaye, bashin da ke hana mutum ɗaga waya.

Duk yaron da ya yi makarantar Lahadi ya haddace Matiyu 11:28-30, inda Yesu ya kira dukan masu wahala, masu fama da nauyin kaya, su zo gare shi ya hutar da su. Tambayar da masu bi da yawa ke yi a zuci, suna jin kunyar furtawa, ita ce: na zo, an yi mini baftisma, ina cin Jibin Ubangiji, to ina hutun?

Amsar tana farawa ne daga farkon surar, wanda ba a cika karantawa tare da ƙarshenta ba. Sura ta 11 ta buɗe da Yahaya Mai Baftisma yana kurkukun Sarki Hirudus, ya aiko almajiransa su tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, ko kuwa a sa ido ga wani. Mutumin da ya nuna Yesu a bakin Kogin Urdun ke nan, yanzu shakka ta kama shi. Yesu ya aika masa da amsa cewa makafi suna gani, guragu suna tafiya, ana yi wa matalauta bishara. Amma bai buɗe masa ƙofar kurkuku ba. A sura ta 14 an fille kan Yahaya don cika alkawarin da sarki ya yi wa yarinya a wurin biki. Wanda ya ce zai hutar da masu wahala ya faɗi haka ne yana sane da cewa mutumin da ya yaba wa fiye da kowa yana ɗaure. Saboda haka duk wa'azin da ya mai da wannan aya takardar lamunin cewa matsala za ta ƙare a wannan watan, ya ɗora mata abin da ba ta ce ba.

Su wa ke sauraronsa a ranar? Manoma da masunta na Galili, masu biyan haraji ga Hirudus Antibas, da kuɗin fito a kan hanya, da harajin Haikali, da zakkar amfanin gona. A kan wannan duka malaman Attaura suka jibga musu ƙa'idodi na wanke hannu da na abin da ya halatta a ranar Asabaci, wato ranar hutun Yahudawa, har talaka mai neman na yau ya zama kullum a cikin laifi yake. A Matiyu 23:4 Yesu ya zarge su ƙarara da ɗaure kaya masu nauyi su aza wa mutane a kafaɗa, su kuwa ko da yatsa ba sa taɓawa. Ana gama maganar hutu, sura ta 12 ta fara da rigima a kan almajirai masu jin yunwa da suka zagi zangarkun hatsi ranar Asabaci. Wato wani babban ɓangare na nauyin da yake nufi, addini ne kansa idan ya koma bulala.

Abin da ya miƙa musu a madadin kayan shi ne ya fi ba da mamaki: karkiya. Mutum ya gaji, maimakon a shimfiɗa masa tabarma, sai a ba shi kayan aiki. Wanda ya taɓa ganin ana horar da shanun huɗa a ƙasar Gombe ko Katsina zai gane. Manomi mai dabara yakan haɗa sabon bijimi da tsohon da ya ƙware, a fara da jan gungume kafin a sa garma. Sabon yakan yi ta fizga gefe, ya yi tsalle, ya turje, wani lokaci ya kwanta a tsakiyar gona, kafin hantsi ya jiƙe sharkaf yana haki, tsohon kuwa yana tafiyarsa a kan kunya kamar ba ya jan komai. Nauyin garmar ɗaya ne, gardamar ce ke gajiyar da shi. Idan kuma ba a sassaƙa karkiyar da kyau ba, sai ta ci wuya gaban tozo ta yi gyambo, ƙuda su bi. Ayar ba ta ce kai tsaye Yesu ne ke ɗaya gefen karkiyar ba, masu wa'azi ne suka fahimce ta haka, amma ta ce a koya daga gare shi, ta kuma ce karkiyarsa ba mai cin wuya ba ce. Alkawarin ke nan: ba a bar gonar ba, an dai canza wanda ake bi da abin da ake ja.

To me ake saukewa? Na farko, kuma a koyarwar Kirista shi ne tushen sauran, shi ne wahalar neman wanke kai a gaban Allah. Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa cewa tun da an karɓe mu ta wurin bangaskiya, muna da salama da Allah ta wurin Yesu Almasihu, kuma babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikinsa. Ma'anarsa a aikace ita ce mutum ya daina zama kamar mai bashin da ba ya san ranar da za a zo karɓa. Akwai dattawa a ikkilisiya da ke ɗauke da abin da suka aikata tun suna samari, suna ta ƙara azumi da hidima ko za su rage, kuma ba ya raguwa, domin ba ta wannan hanyar ake biya ba. Bitrus ya yi musun sanin Yesu sau uku a dare ɗaya. Da suka sake haɗuwa a bakin teku, abin da ya tarar shi ne garwashi da gasasshen kifi da gurasa, sannan aka damƙa masa kiwon tumaki. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya yi shekaru yana neman kwanciyar rai a ilimi da suna da mata, daga baya ya rubuta cewa Allah ya yi mu domin kansa, zuciya kuwa ba ta natsuwa sai ta huta a wurinsa.

Na biyu shi ne gobe. Yesu ya ce wahalar yini ta ishi yini, addu'ar da ya koyar kuma abincin yini take roƙo, ba na shekara ba. Wannan ba hana tanadi ba ne. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, Karin Magana kuma ta tura malalaci wurin tururuwa. Tanadi yana sa ka tashi ka yi wani abu, zullumi kuwa yana sa ka juya a gado tsakar dare kana lissafin da ka riga ka yi sau goma. Maganin da Bulus ya ba Filibiyawa, yana rubutu daga kurkuku, mai sauƙin faɗa ne: a kawo kowace damuwa gaban Allah da sunanta, da roƙo, tare da godiya. Bai ce za a ba ka abin da ka roƙa ba. Ya ce salamar Allah za ta tsare zuciyarka da tunaninka. Mutane da yawa suna addu'a a dunƙule, "Ubangiji ka san damuwata," su wuce. Ya fi amfani ka ce kuɗin makarantar yarinya ne, nawa ne, ranar kaza ake so, ba ni da shi, kuma ina jin tsoro.

Sai kayan da ba a saukewa. A nan ne nake ganin wa'azinmu ya fi rauni. Bulus ɗin nan da ya rubuta maganar salama, shi ne ya lissafa wa Korantiyawa cewa sau biyar aka yi masa bulala arba'in ba ɗaya, sau uku jirgi ya fashe da shi, kuma a Asiya an matsa musu har sun fid da rai. Ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa wata ƙaya a jiki, amsar da ya samu ita ce alheri ya ishe shi. Ƙayar ta zauna. Yesu kansa a Getsamani ya gaya wa abokansa cewa ransa na shan baƙin ciki kamar ya mutu, ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon, ba a ɗauke ba. Haƙuri da dogaro ga Allah abubuwa ne da mu da maƙwabtanmu Musulmi duk muke girmamawa, muna kuma gaisa da su kullum. Abin da Kirista yake riƙe da shi nasa na kansa shi ne cewa wanda yake kai wa kuka ya taɓa yin kukan, kamar yadda Ibraniyawa 4:15 ta ce an gwada shi ta kowace hanya irin tamu.

Idan haka ne, koyarwar da ta cika gari yanzu, mai cewa talauci da ciwo alamar ƙarancin bangaskiya ne, ba hutu take bayarwa ba, sabon kaya take ɗorawa. Gwauruwa ta zo da nauyin marayu, a ce mata ta shuka iri mai tsoka, wato ta ba da kuɗi masu yawa, ta sayi mai, ta kwana addu'a, ta nemo wanda ya ɗaure ta a dangi. Idan abin bai canza ba, laifinta ne. Ta zo da talauci kaɗai, ta koma da talauci da zargin kai da gabar 'yar'uwarta. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suka fara nemo masa zunubin da ya jawo masifar, a ƙarshen littafin Allah ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Ban da masu shuka iri, mu ma na tsofaffin ikkilisiyoyi muna da namu: kuɗin gini, kuɗin anko, kuɗin taron gunduma, ƙaddamar da asusu, kowane da sunan wanda bai biya ba ana karantawa a gaban jama'a.

Labarin da ya kamata kowane fasto da dattijon ikkilisiya ya riƙa komawa kansa shi ne na Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabin ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, sai saƙon sarauniya Yezebel ya iske shi cewa gobe war haka za a kashe shi. Ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa, ya nausa jeji, ya zauna a gindin wani itace ya ce ya isa haka, Allah ya ɗauki ransa. Duba abin da aka yi masa. Ba a tsawata masa ba, ba a ce ya tuba ba. An bar shi ya yi barci. An tashe shi ga waina da butar ruwa, ya ci ya sha ya sake kwanciya. An sake tashe shi ya ci, aka ce tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da ya isa Horeb aka tambaye shi me yake yi a nan, aka saurari ƙorafinsa har sau biyu ba a katse shi ba. Daga nan aka gyara masa lissafi, cewa ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin aiki. Barci, abinci, kunnen saurare, abokin tafiya. Wani mai bi da ke zaton ruhunsa ne ya mutu, barcin kirki ne bai samu ba tun watanni.

Dokar Asabaci ma haka take. A Maimaitawar Shari'a sura ta 5 an ce a huta domin bawa da baiwa da sa da jaki da baƙo su ma su huta, a kuma tuna an taɓa zama bayi a Masar. Doka ce da ke kare na ƙasa daga na sama. Yanzu a dubi Lahadin mace a gidajenmu. Ta tashi tun asuba ta ɗora tukunya, ta yi wa yara wanka, ta guga kayan maigida, ta zauna sujadar awa uku ko huɗu, a fito a ce 'yan kwamiti su tsaya, da la'asar akwai ziyara, ta dawo ta ɗora tuwon dare. Ranar hutun ta fi Litinin gajiyarwa. Yesu da ya ga almajiransa ba su da zarafin ko cin abinci saboda jama'a, janye su ya yi gefe su huta.

Akwai kuma inda addu'a da barci ba sa wadatarwa. Mutumin da ya yi makonni ba ya iya ci, ba ya iya barci, ya daina sha'awar komai, yana maganar gara ya mutu, ciwo ke damunsa, kuma ana maganinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ba wanda ke cewa mai hawan jini ya rasa bangaskiya don ya sha magani. A raka shi asibiti, a ci gaba da yi masa addu'a.

Wani abin da muka yar, wanda Littafi Mai Tsarki bai yar ba, shi ne kuka a gaban Allah. Zabura cike take da shi. Ta 13 ta fara da tambayar har yaushe, ta maimaita ta sau huɗu. Ta 88 ba ta ma juyo ga yabo ba, a duhu ta ƙare, kuma an bar ta a littafin waƙoƙin sujada. Idan Allah ya yarda a rera masa irin wannan, ban ga dalilin da za a ce wa uwar da aka kashe wa ɗa ta share hawaye don kada a ce ba ta da bege ba.

Wanda ke son ganin wannan koyarwa a inda aka gwada ta da wuta, ya dubi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. Ta fara ne da sujada a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923, kuma tun asali ikkilisiya ce da ke koyar da ƙin ɗaukar makami. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A ƙarshen Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, membobinta suka watsu har sansanin Minawao a Kamaru. Daga cikin abubuwan da ta sa a gaba bayan haka akwai tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda ake zaunar da mutane su faɗi abin da suka gani da idonsu kafin a kai ga maganar gafara. A farkon Janairun 2020 aka sace ɗaya daga cikin fastocinta, Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na Michika. A bidiyon da masu garkuwar suka fitar, ya roƙi hukuma da abokan aikinsa su nemi a sake shi, ya ce bai karaya ba domin kowane hali mutum ya samu kansa a hannun Allah yake, in an ba shi dama zai koma ga matarsa da 'ya'yansa, in ba a ba shi ba to nufin Allah ne, kada a yi kuka. An kashe shi a cikin watan. Bai ɓoye cewa yana son ya rayu ba, kuma natsuwarsa ba ta jingina ga samun hakan ba.

Yawancinmu ba za mu tsaya a irin wannan wuri ba. Inda hutu ya fi iske mu shi ne ta hannun mutane. Galatiyawa 6 ta ce a ɗauki nauyin juna, 'yan ayoyi kaɗan a gaba kuma ta ce kowa zai ɗauki nasa kayan, kuma babu saɓani: akwai abin da ba mai ɗaukar maka, akwai kuma wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A nan sai an sara wa Zumuntar Mata. Ranar da aka yi rashi, kafin maza su gama shawarar inda za a kafa rumfa, sun iso da yadin zumuntarsu, wata da kwanon hatsi, wata da ɗaurin itace, wata da sabulu. Su karɓe murhu, su share tsakar gida, su zagaye mai makoki da tulu da caki suna waƙa ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa ta riƙe mata hannu ba ta cewa komai sai "Sannu, 'yata." Inda muke gazawa shi ne bayan an watse. Wata uku da rashi, ranar da mai gidan haya ya zo, ba kowa a tsakar gidan.

Saura ƙorafi ɗaya da matasa ke yi, kuma yana da ƙarfi: wai wannan maganar salama ba maganin barci ba ne da ake ba talaka don ya bar azzalumi ya ci karensa ba babbaka? Tana iya zama haka a bakin wanda ke amfana da shirun mutane. Amma ba haka take a Littafin ba. Yesu ya kafa misalin naciya a addu'a da gwauruwar da ta hana alƙali marar tsoron Allah sakat har sai da ya bi mata hakkinta. Barin ramuwa ga Allah daban, yin shiru a kan zalunci daban. A Filibi an yi wa Bulus da Sila dūka a bainar jama'a ba shari'a, aka jefa su can cikin kurkuku da ƙafafu a turu, tsakar dare suna addu'a suna waƙa sauran fursunoni na saurare. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ce faufau, an doke su ba bisa doka ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai dai waɗanda suka sa aka yi su zo da kansu su fitar da su. Mahukuntan suka tako da ƙafarsu suka ba su haƙuri. Sai a sannan suka fita, suka biya gidan wata mai bi mai suna Lidiya suka ƙarfafa 'yan'uwa, kana suka bar garin.